Doguwar Kujerar Gwaggo

Ban yarda da rabin ta'aziyyar da aka yi mana ba, gara in faɗa tun daga farko.

Ranar da Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu, kafin mijina ya kawo ni Batsari daga Safana an riga an kai ta. Na shiga gidan na tarar da mata har bakin rijiya. Na yi kukana mai isata. Da idona ya washe sai na fara lura da wani abu. Duk macen da ta shigo za ta durƙusa ta ce, "Ya muka ji da haƙuri?" mu ce da godiya, ta yi addu'a ta shafa. Tana gama shafawa sai idonta ya zarce can ƙarƙashin rumfar aiki, inda doguwar kujerar Gwaggo take tsaye ba kowa a kai.

Wata maƙwabciyarmu ta ce, "Allah shi gafarta mata. Allah shi yafe mata abin da ta yi da sani da wanda ba ta sani ba." Addu'a ce mai kyau, ba mai musu. Amma da ita take yi idonta na kan kujerar, kuma ta ja "da sani" ɗin nan kamar tana jan zaren lilo. Wata kuma ta matso kusa da ni ta rage murya ta ce, "Wai yanzu ya za ku yi da abin can? Ni dai shawara, kada a bar yara su taɓa." Na ce mata mun gode da shawara. A raina kuwa na ce Allah ya isa tsakanina da bakinki.

Waɗanda na yarda da kukansu su ne matan da suke aiki a hannunta, yawancinsu waɗanda rashin zaman lafiya ya koro daga ƙauyukan wajen Ruma da Yasore. Su ba su yi dogon bayani ba. Sun zauna gefe guda, hannuwansu masu kanta a kan cinya, suna share hawaye da bakin hijabi. Saboda su nake wannan rubutu, da kuma saboda kada labarin kujerar nan ya rage a bakin masu gulma kaɗai.

Gwaggo ce ta riƙe ni tun aka yaye ni har ta kai ni ɗakin miji. Kowa Gwaggo yake ce mata, har ɗan da ta haifa, wanda ni nake kira Yaya. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma halinta da aka fi sani shi ne rashin yarda. In aka kawo mata buhun gyaɗa daga Runka, sai ta zura hannu har kafaɗa ta damƙo ta ƙasa, don ta ce ta sama kowa ya iya gyara ta. In aka kai markaɗe inji, tana tsaye sai mai inji ya kwance baki ta leƙa ta ga bai rage komai a ciki ba. In mutum ya tsawaita gaisuwa har ya kai ga tambayar awaki, sai ta katse shi ta ce, "To, na ji. Mi kake so?" Ni ma na kwaso wannan halin a wurinta, mijina shaida ne. Ba na jin kunyar halin, don ya fisshe ni sau da dama.

Wanda bai taɓa yin aikin mai ba yana ganin aikin zaune ne. A tsugune ake suyar gyaɗa gaban murhu, a duƙe ake murza ta a fitar da ɓawo, sannan a bakace. In an dawo daga markaɗe a zuba a turmi a yi ta tuƙi da ruwan ɗumi, ana sunkuye ana murɗa ƙugu, har mai ya taso. A matse tunkuzar da hannu, a zauna ƙasa ana mulmula ƙuli, a koma gaban wuta. Daga hantsi har la'asar mutum bai miƙe sosai ba sai in salla ta tashe shi. Gwaggo a haka ta girma, a haka bayanta ya lanƙwashe, har ya zama in tana tafiya ƙasa take kallo. Ba ta taɓa ɗora laifin a kan aikin ba. Tsufa take cewa.

Matar Yaya ce ta canza mata tunani. Mace ce mai haƙuri da ƙarfin hannu, ita ke tuƙi kullum don ta fi kowa iya fitar da mai. Wata rana da azahar ta saki muciya za ta miƙe, sai miƙewa ta gagara. Ta tsaya a sunkuye hannunta a bakin turmi, gumi na zuba, ba ta ce uffan ba don surukarta na zaune. Sai da aka kama ta aka kai ta ɗaki.

Ba zan yi wa Gwaggo ƙarya don ta mutu ba: abin da ta fara zargi sammu ne. Ta zargi wata mai ƙuli da ke bayan layinmu, ta sa aka haƙa gindin turmin aka duba, ta karɓo rubutu. Da ciwon ya sauka ƙafa har matar Yaya ta fara jan ta, sai Yaya ya ɗauke ta zuwa asibiti, Gwaggo ta bi su don ba ta yarda a duba mata suruka ba ta wurin ba. Ma'aikaciyar lafiyar da suka samu ta tambayi irin aikin da take yi, ta sa ta kwatanta yadda take tsayuwa a kan turmi. Sannan ta ce duƙawar ce da murɗa ƙugu da daɗewa a tsugune, da ɗaga kaya masu nauyi daga ƙasa. Ta ce magani zai rage zafi, amma in ta koma aiki a yadda take yi, wata rana ƙafar za ta ƙi ɗaukarta.

Gwaggo ta dawo tana cewa, "So take ta saida muna magani." Yaya ya ce ai ba ta sayar musu da komai ba. Gwaggo ta ce wannan ma abin a duba ne.

Amma rashin yardarta bai tsaya a kan mutane ba, har kanta ba ta yarda da shi ba. Sai ta ce bari ta gwada. Da matar Yaya ta samu sauƙi ta hana ta turmi, ta ɗora mata faifai a kan ganga ta ce ta yi bakace a tsaye. Ita kuma ta koma gefe ta zuba wa sauran matan ido. In ta tambaye su lafiya su ce lafiya lau, ba ta ko saurare. Tana kallon wadda take dafa gwiwa kafin ta tashi, da wadda take kai hannu ƙugu in ta ɗauka ba a ganinta, da wadda take yarfe hannu bayan matsa. In suna salla tana ƙirga wa ta daɗe ba ta ɗago daga ruku'u ba. Wani lokaci ta yar da ludayi da gangan ta ce wance miƙo mini, don ta ga yadda za ta sunkuya. Na taɓa zuwa daga Safana na tarar da ita ta kama hannun wata baiwar Allah 'yar wajen Ruma tana latsa wuyan hannun. Matar ta ce ba komai. Gwaggo ta latsa da ƙarfi, matar ta yi ƙara. Ta ce, "Ga komai nan." Daga ranar ta ɗauke ta daga matsa, kuma ba ta rage mata ko kwabo a abin da take ba ta ba.

Da ta gamsu, sai ta juya gidan. Ta sa aka ɗaga murhu da bulo har mai suya ta iya tsayuwa. Aka ɗora turmi a kan kututture, aka sassaƙo muciya mai tsawo. Ta ce ba mai wuni a kan aiki ɗaya, wadda ta yi tuƙi da safe bakace za ta yi da rana. Buhu a raba shi kafin a ɗaga, kasko kuma mutum biyu. Kafinta ya yi dogon tebur da benci don mulmula ƙuli. Duk wannan matan suka karɓa ba gardama, sai bencin.

Gwaggo a kujera 'yar tsuguno take zama, ita ta saba da ita tun ƙuruciya. To wace ce za ta hau benci ta zauna sama da kanta? Ba matar ɗanta na fari ba, ba kuma matan da ta ba mafaka ba. Sai suka riƙa durƙusawa a gindin teburin suna miƙa hannu sama suna aiki, abin ya fi na da muni. In ta shiga ɗaki su hau, in suka ji tarinta su zame ƙasa kamar an kora kaji daga kan shanya. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta ce umarni ne. Matar Yaya ta sunkuyar da kai ta ce, "Gwaggo, ki yi mani duk hukuncin da kika so, amma ba ni iya zama bisa kanki. Mi za a ce da uwayena?"

Hanya mai sauƙi ita ce Gwaggo ta zauna a ɗakinta ta bar su. Amma mace mai zura hannu ƙasan buhu ba za ta bar mai a kan wuta ba idonta a wurin ba. Sai ta sake kiran kafinta. Ta zaunar da matar Yaya a benci da ƙarfin tsiya, ta ɗauki sandarta ta gwada inda kan surukar ya kai, ta ce a yi mata kujerar da in ta hau, kanta zai wuce nan. Da yake bayanta a lanƙwashe yake, sai da kujerar ta yi tsawon da ba a taɓa ganin irinsa a gidan mata ba. Aka kife tsohon turmi a gabanta, da shi take takawa ta hau, a kansa take ɗora ƙafa. Tana hawa, matan suka hau benci ɗaya bayan ɗaya.

Unguwa kuwa ta samu abin yi. Wasu suka ce girman kai ne, ta samu 'yan gudun hijira ta mai da su bayi. Wasu suka ce don ta ga mai jefa ƙuli a baki ne. Wadda ta fi yawo ita ce wai wani malami ne ya ce kada ƙafarta ta taɓa ƙasa lokacin da mai ke tasowa, shi ya sa nata ya fi na kowa fita kasuwa. Gwaggo ta ji duka, ba ta ƙaryata ko ɗaya ba. Na ce mata ta yi bayani mana. Ta ce, "Wanda ya tambaye ni zan ba amsa. Akwai wanda ya tambaya?"

Mutum ɗaya ce ta tunkare ta, ƙanwarta, Gwaggo Ƙarama, wadda gidanta ke layi ɗaya da namu. Ina nan ranar. Ta shigo ta tsaya ta ɗaga kai ta ce, "Yaya, kin zama abin kallo. Sauko, don Allah. Uwarmu a ƙasa ta yi aikin ga har ta koma ga Allah."

Gwaggo ta ce, "Kin manta da rarrafe take zuwa bayi a ƙarshe? Ko ba ke ke ɗaukar mata buta ba?"

"Kada ki sa uwarmu a bakinki don ki kare son girma."

"Ke kika kawo ta."

Gwaggo Ƙarama ta fita tana cewa ƙafarta ba za ta sake taka rumfar ba, kuma ba ta sake ba har Gwaggo ta rasu. Abin mamaki, duk Juma'a da yamma, ranar da ba a aiki, Gwaggo sai ta ja sandarta ta tafi gidan ƙanwar. Su shige ɗaki su rufe ƙofa, maƙwabta su yi ta jiyo muryoyi sama-sama. Muka ɗauka faɗan ne take zuwa ƙarasawa, don ba ta iya barin magana a rabi. Shekaru aka yi a haka. A cikinsu matar Yaya ta daina jan ƙafa, ta yi haihuwa biyu lafiya.

To, kwanakin makoki kowa a tabarma yake, haka aka saba. Tun kafin a yi bakwai na ga matar Yaya ta fara dafa bango in za ta tashi. Sannan Yaya ya tara mu ya ce aiki zai ci gaba, don gidan da shi yake ci, haka matan nan. Ya ce matarsa ba za ta iya ba matan da suka girme ta umarni ba, saboda haka ya roƙi Gwaggo Ƙarama ta riƙa zama a wurin, ta kuma amsa. Wadda ta rantse a kan kujerar nan ita za ta zama babba a rumfar. In ta zauna a ƙasa kowa ƙasa zai koma, kuma na san abin da ma'aikaciyar asibiti ta ce game da ƙafar matar Yaya.

Na sa wa Gwaggo Ƙarama ido. Na gan ta da yamma ta je rumfar ita kaɗai ta girgiza kujerar, ta duba ƙafafunta, ta ƙwanƙwasa katakon. Na ce shi ke nan, itacen suya take aunawa. Na kira mijina na ce ya jinkirta zuwa ɗaukata.

Ranar da aka hura wuta, matan suka zo suka hau benci a ɗarare. Gwaggo Ƙarama ta yi sallama ta shigo da tabarmarta a hammata, ta shimfiɗa a gindin kujerar, ta zauna. Kafin ta gama gyara zane duk sun zame ƙasa. Matar Yaya ce ta ƙarshe, ta sauka a hankali tana cije leɓe.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Gwaggo Ƙarama, ko kabarinta bai bushe ba za a rushe abin da ta gina? In faɗa ne, da ita kuka yi. Wannan baiwar Allah me ta yi miki?"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta dube ni ta ce, "Kama ni in tashi." Na kama ta. Ta ja ni ɗakin marigayiya ta sakaya ƙofa.

Ta ce, "Halinta kika kwaso duka, har da saurin baki. Kin san mi take zuwa yi gidana ran Juma'a?"

Na ce faɗa.

"Gashi nike mata. Ruwan zahi da tsumma, tun daga ƙugu har tahin ƙafa. Kukan da kuke ji kuna cewa hwaɗa ne, wani na hwaɗan ne, wani na gashin. Jikin da ya saba da ƙasa tun yana ƙarami, ki ɗauke shi ki aza bisa katako ya wuni? Ƙafafunta kumbura suke kamar an hura. Ƙugun nan in ta sauko ba ta jin shi. Ga jiri, kullum gani take za ta hwaɗo cikin mai. Ba abin da ta tsana a duniya irin kujerar can."

Na ce to me ya hana ta faɗa, a gyara mata, ko a sa mata katifa.

"An sa, an cire, an sake sawa. Ba kujerar ba ce, jikin ne ya riga ya lanƙwashe. Kuma ta hwaɗa ma wa? In surukarta ta ji tana wahala saboda ita, kina jin za ta ƙara hawa benci? Ni kaɗai ta yarda in gani, ni ma don ta san ba ni zuwa rumfar." Ta share ido da bayan hannu. "Ni abin da ya sa na ce ta sauko ke nan, tun ranar farko na ga yadda take taka turmin. Na rasa yadda zan hwaɗa gaban mutane, sai na kawo zancen uwarmu."

Ni da nake taƙama na gaji idon Gwaggo, na yi shekaru ina ganinta a kan kujerar nan ban ga komai ba. Na ji haushinta, na ji tausayinta, na kuma ji kewarta.

Na ce, "To tabarmar fa?"

Ta ce, "Tsoro nike ji, ɗiyata. Na girgiza ta rannan in ji ko za ta ɗauke ni. Na ce in zauna ƙasa tukuna in tara ƙarhi, sai ga ki da baki." Ta gyara ɗaurin kallabi. "Abin da na gaya maki ya tsaya nan ɗakin muddin ina bisa. In na bi ta, ki gaya ma wanda kika so."

Na riƙe alkawarin. Bana ita ma ta bi yayarta, kuma yanzu matar Yaya ce babba a rumfar, benci ɗaya suke zama da kowa. Shi ya sa bakina ya buɗe.

Amma ranar, da muka fito, ta naɗe tabarmarta ta jingine. Ta tsaya gaban turmin da aka kife ta yi bisimilla. Ta ɗora ƙafa ɗaya, ta damƙi hannuna har farcenta ya shige ni, ta hau. Ta zauna ƙiƙam tana kallon gaba, ba ta yarda ta dubi ƙasa ba. Sannan ta daka wa matan tsawa ta ce, "Ku kuma mi kuke jira? Gyaɗa na ƙonewa." Suka tashi suka hau benci. Matar Yaya ta zauna, ta miƙe bayanta, ta ja tunkuza gabanta.

Gwaggo Ƙarama ba ta saki hannuna ba sai da mai ya taso.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haɗa ta da ƙanwarta a inda ba ciwo. Shekarunta na ƙarshe ba abin da take marmari irin ta zauna a ƙasa. Ya Allah, ga ta nan ta samu, ka sa ta yi mata laushi.